Da Idon Baba Ya Buɗe, Sai Allura Ta Ƙi Shi

Sama da shekara hamsin mahaifina ya yi yana ɗinkin hannu a zauren gidanmu, nan cikin birnin Zariya. Babbar riga ce aikinsa: aska biyu, aska takwas, tambari, dagi, linzami. Abin da na buɗe ido na tarar ke nan, tabarma a bakin zaure inda haske ya fi faɗowa, shadda a kan gwiwa, zare a rataye a wuya, rediyo a gefe tana ta magana. Da allurar nan ya ciyar da mu, da ita ya ɗauki nauyin karatuna har na gama a Samaru, na zama malamin ilimin halittu a makarantar sakandare.

Kimanin shekara huɗu da suka wuce yanar ido ta fara rufe masa gani. Ba ta zo da ciwo ba. Cewa yake yi kamar hazon hunturu ne ya sauka ya ƙi tashi. A hankali ya daina gane mai shigowa sai an yi sallama ya ji murya. Amma bai ajiye allura ba. Jikoki ke zura masa zare, mai zane ya riƙa ƙara wa layi tawada, shi kuma ya bi da babban yatsa yana laluben inda ɗinkin jiya ya tsaya, ya ɗora daga nan. Rigar da a da yake gamawa a wata biyu ta koma cin wata huɗu, amma ban taɓa ganin an dawo masa da aiki an ce bai yi ba.

Bara, da damina ta ɗauke, muka samu da ƙyar ya yarda a yi masa aiki a idon dama. Yanar ido ce kan gaba wajen makantar da mutane a ƙasar nan. Binciken ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya ɗora mata kusan 43 cikin 100 na makanta, alhali aikinta ɗan gajere ne: a cire ƙwayar da ta yi fari a cikin idon, a sa ta roba a madadinta. Washegari da aka ɗaye bandeji ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ashe kai ma furfura ta kama ka." Inna ta juya baya tana share hawaye da gefen mayafi.

Murna ba ta bar mu mun lura da wuri ba. Ranar da muka dawo gida ƙanwata ta miƙa masa kofin shayi, hannunsa ya wuce ta gefe ya doki yatsunta, shayin ya zube a tabarma. Muka ce gajiya ce. Da zai fita alwala sai ya ɗaga ƙafa zai tsallake dokin ƙofa tun saura taki guda ya isa, dokin ƙofar da ya yi shekaru yana tsallakewa a cikin hazo bai taɓa tuntuɓe da shi ba. Likita ya hana shi sunkuyo da shiga ƙura na 'yan makonni, ya kiyaye. Da wa'adi ya cika aka ba shi tabarau na aikin kusa, aka ce ya koma sana'arsa. Da sassafe ya sa aka shimfiɗa tabarma, ya ɗauko rigar da ya bari rabi. Ya so ya zura zare da kansa, zaren ya yi ta wuce kafar allura, sai da jika ya karɓa. Ya soka, allurar ta faɗa gefen layi kamar faɗin ƙwayar gero biyu. Ya zare ya sake, haka. Ya kuma, haka. Can ya ninke rigar, ya cire tabarau, ya ce mini, "Ina ganin wurin tar. Amma in na aiki hannu, gidan maƙwabci yake zuwa."

Abin da muka yi bayan nan da zuciya ɗaya muka yi shi. Inna ta ce, "Malam, ka huta haka nan, yaran nan sun kawo ƙarfi." Yayana ya kai rigar wajen wani maɗinki a unguwa aka ƙarasa. Aka daina bari ya ɗauki komai. Buta a miƙa masa har hannu, kofi a riƙe masa, takalmi a juya masa, in zai tafi masallaci yaro ya kama hannunsa. Shi kuwa ya yi shiru. Mutumin da zaurensa ba ya rabuwa da hira ya koma zama a jingine da bango, hannuwa a kan cinya, yana kallon hanya da idon da aka gyara masa.

Da muka koma asibiti na gaya wa likita duk wannan, tsorona kada a ce aikin bai yi ba. Ya duba, ya ce ido lafiya lau. Ya bayyana mini cewa sabuwar ƙwayar da tabarau sun ɗan canza girman abu da nisansa a idon Baba, ga shi ido ɗaya ya washe ɗaya na cikin yana, shi kuwa hannu yana nan a kan tsohon awo. Sannan ya tambaye ni, "Malam, wa ya ce ku hana shi aiki? Ku bar shi ya yi ta kuskure. Da kuskuren zai daidaita."

Maganar ta tsaya mini a rai, domin shekara da shekaru ina zana wa ɗalibai abin a kan allo kamar layi guda: ido ya ɗauki hoto kamar kyamara, ya tura wa ƙwaƙwalwa, ƙwaƙwalwa ta yanke shawara, ta ba hannu umarni. In haka ne, da an gyara kyamara sai komai ya miƙe nan take. Na Baba bai miƙe ba. Sai na koma karatu, dare bayan dare, na ga ashe akwai hanyar da ke dawowa daga hannu zuwa ido wadda ban taɓa zana musu ba.

Mai karatu, gwada wannan yanzu. Rufe ido ɗaya, ka ɗora yatsa a gefen ɗayan ta kan fatar ido, ka ɗan tura a hankali. Ɗakin zai motsa. To cire yatsan, ka juya idon da kanka dama da hagu. Ɗakin na nan daram. A duka biyun hoton ɗakin ya zame a can bayan ido, amma a na farko ka ga duniya ta girgiza, a na biyu ba ka ga komai ba. Masanin Jamus Hermann von Helmholtz ya yi bayanin wannan a 1867: bambancin shi ne wa ya ba da umarnin motsin. A 1950 wasu Jamusawa biyu, von Holst da Mittelstaedt, da kuma Roger Sperry a Amurka, suka ƙarfafa maganar da gwaji a kan ƙuda da kifi. Duk lokacin da ƙwaƙwalwa ta tura umarni ga tsoka, tana ajiye kwafinsa ta aika wa sassan da ke gani da ji, ta ce ga abin da za ku tarar. Kamar maigida ne ya aiki yaro kasuwa, ya leƙa cikin gida ya ce na aiki wane, yanzu zai shigo da cefane. In yaron ya shigo ba mai razana. Wanda ba a ba da labarinsa ba, shi ake ɗago kai a duba.

Idon mutum ma ba ya zama wuri ɗaya. Yana tsalle daga nan zuwa can kamar sau uku a kowane sakan, amma ba ka taɓa ganin duniya na tsalle ba. Tsaya a gaban madubi ka kalli idonka na dama, ka koma na hagu. Ba za ka kama su suna motsi ba, alhali wanda ke tsaye kusa da kai yana ganin motsin ƙarara. Abin da ya ƙara faranta mini rai, tun kusan shekara dubu da suka wuce Ibnul Haisam, haifaffen Basra da ya yi aikinsa a Alƙahira ya rasu wajen 1040, ya rubuta a Kitabul Manazir cewa gani ya wuce haske ya shiga ido, akwai kwatanci da tunowa da yanke hukunci a cikinsa. Ya kuma bambanta kallon farko da ta'ammuli, inda ido ke bin abu sashe-sashe kafin a tabbatar da kamanninsa. A gari irin Zariya, da ake zuwa neman ilimi daga ko'ina, ya kamata yaranmu su ji sunansa a aji tun kafin su ji na Helmholtz.

Wannan kwafin umarni shi ne dalilin da ya sa mutum ba ya iya yi wa kansa cakulkuli. 'Yata ƙarama, in na taɓa tafin ƙafarta sai ta birkice da dariya, amma in ita ta sosa wurin da yatsanta ko gezau. A 1998 da 1999 masu bincike a Landan, Sarah-Jayne Blakemore da Daniel Wolpert da Chris Frith, suka haɗa na'ura yadda mutum zai motsa hannu ɗaya, na'urar ta sosa masa tafin ɗaya hannun. In susar ta zo daidai da motsinsa, ba ya jin cakulkuli sosai. In aka jinkirta ta da kashi ɗaya cikin biyar na sakan kacal, sai cakulkulin ya ƙaru, domin abin da ya iso ya saɓa da abin da aka ce zai iso. Akwai wani gwaji na 2003, shi ma a Landan, da ya shafe ni a matsayina na malami. Aka zaunar da mutum biyu, aka ce kowa ya danna yatsan ɗan'uwansa da daidai ƙarfin da aka danna nasa. Ƙarfin ya riƙa hauhawa da kusan 38 cikin 100 a kowane zagaye, kowa kuwa yana ganin daidai ya rama. Abin da ka yi da hannunka ƙwaƙwalwarka na rage masa kaifi, na wani kuwa yana isowa da cikarsa. Tun daga nan, in yara biyu suka zo mini kowa na rantsuwa, "Malam, wallahi ni a hankali na taɓa shi, shi ne ya yi mini da ƙarfi," na daina ɗauka lalle ɗaya maƙaryaci ne.

Amma abin da ya fi kusa da matsalar Baba shi ne gwaje-gwajen tabarau. A 1897 wani Ba'amurke, George Stratton, ya wallafa labarin kwana 8 da ya yi sanye da gilashin da ke kifar da duniya, sama ta koma ƙasa. Kwanakin farko ko cin abinci wahala ne. Zuwa ƙarshe yana yawo a gida yana harkokinsa, kuma ya lura abubuwa sun fi zama masa daidai a lokacin da yake cikin aiki da motsi. Daga baya a Innsbruck ta ƙasar Ostiriya, Ivo Kohler ya sa mutane suka daɗe da irin wannan tabarau har wasu suka hau keke da shi. Sai Richard Held da abokan aikinsa a Amurka suka yi tambayar da ta dace: me ke kawo sabon? Suka sa wa mutane gilashin da ke karkatar da gani gefe guda. Wani ya motsa hannunsa da kansa yana kallo, wani aka ɗaure nasa a kan katako ana motsa masa. Wani ya taka da ƙafarsa, wani aka tura shi a keken marasa lafiya ta hanya guda. Wanda ya motsa da kansa ya daidaita. Wanda aka motsa, abin da ya samu kaɗan ne ko babu.

A 1963 Held da Alan Hein suka yi gwajin da ya fi shahara, da 'ya'yan kyanwa. Sun raine su a cikin duhu, ba sa ganin haske sai awa 3 a rana a cikin wani zagayayyen akwati mai zane a bango. A tsakiyar akwatin akwai turke, a kansa sanda mai juyawa. Kyanwa ɗaya an ɗaura ta a bakin sandar tana tafiya da ƙafarta, ɗayar tana cikin ɗan kwando a ɗaya bakin. Duk inda mai tafiya ta nufa, ta kwando ma can ake kai ta. Abin da idanunsu suka gani iri ɗaya ne, tsawon lokaci ɗaya. Da aka fito da su, mai tafiya da ƙafarta tana miƙa hannu in an kusanto da ita bakin tebur, tana ƙifta ido in abu ya nufo ta, tana kauce wa wurin da ya yi kama da rami. Ta kwando ba ta yin ko ɗaya, alhali idonta lafiya. Sai da aka sake ta ta yi kamar kwana biyu tana yawo da kanta cikin haske, sannan ta kamo.

Na san jaririyar kyanwa daban, dattijo mai shekara saba'in da ɗoriya daban. Ita ganinta ne ke ginuwa tun daga tushe, shi nasa ginanne ne, gyaran awo kawai yake bukata. Duk da haka, da na kai ƙarshen shafin nan kwandon ne ya tsaya mini a ido. Buta har hannu, kofi a riƙe, yaro ya ja hannu zuwa masallaci. Mu ne muka saƙa masa kwandon, da ƙauna muka saƙa shi, kuma mun yi mako uku muna zagayawa da shi.

Washegari Asabar na sayo yadi biyu na alawayyo a kasuwar birni, na yanka ƙyalle-ƙyalle, na ɗiɗɗiga musu tawada a jere, tsakanin ɗigo da ɗigo faɗin yatsa. Na durƙusa na gaishe shi, na ajiye a gabansa da allura babu zare. Na ce, "Baba, ku soka a kan ɗigon nan. In ta kauce kada ku yi saurin zarewa, ku bar ta ku duba ta ina ta kauce." Ya juya ƙyallen a hannu ya daɗe bai ce komai ba, har na fara tunanin ko na yi masa rashin kunya. Can ya ce, "Da tsumma mahaifina ya fara da ni." Ya sa tabarau, ya gyara zama ya fuskanci ƙofa.

Na zauna gefensa ina kallon yatsunsa. Yakan tsayar da allura sama da yadin kamar tsawon ƙwayar shinkafa, ya riƙe numfashi, ya sauke. Ta faɗa ƙasa da ɗigon, ta wajen dama. Ya dube ta, ya sa babban yatsan hagu ya shafa tsakanin ɗigo da huda, kamar yana auna ratar da fata, sannan ya zare ya matsa gaba. Kafin azahar ya gama ƙyalle ɗaya. Na ɗaga shi a hasken ƙofa, ya fito kamar rariya, kuma kusan kowace huda ta kauce ta gefe guda, ƙasa da dama. Wannan ya kwantar mini da hankali, domin hannu mai rawa ko'ina yake watsa huda, wannan kuwa hannu ne mai daidaito da ke aiki da tsohon awo. A ƙyalle na uku ratar ta ragu da rabi. Na roƙi Inna da yara a daina miƙa masa komai. Ya zubar da ruwa sau biyu ko uku, Inna na kallo tana cije leɓe, amma ta daure. Ranar kwana goma sha biyu na ɗaga ƙyalle a haske, hasken na fitowa ta tsakiyar tawada. Wani tsohon abokinsa da ke zaune a zauren ya karɓa ya duba, ya ce, "Yau da gobe kan sa allura ginin rijiya."

Inda ake wannan gyara, babban rabonsa na ƙaramar ƙwaƙwalwa ne, wadda ke can ƙasa ta wajen ƙeya. Nauyinta kamar kashi ɗaya cikin goma ne na ƙwaƙwalwa duka, amma daga cikin ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86 da ke kan mutum, wajen 80 cikin 100 a cikinta suke. Aikinta ta yi kirdadon inda hannu zai sauka tun kafin ya sauka, domin saƙon ido yana da jinkiri, in za a jira shi a kowane motsi ba mai iya cafe ƙwallo. In kirdadon ya saɓa da abin da ido ya gani, sai ta ɗan gyara awo don karo na gaba. A 1996 a Amurka an sa wa mutane gilashi mai karkatar da gani aka ce su jefi wani wuri a bango da ƙwallon yumɓu. Jifan farko ya kauce, bayan 'yan jifa suka dawo kan wurin, da aka cire gilashin kuma suka kauce ta ɗaya gefen na ɗan lokaci. Waɗanda wannan sashe nasu ya lalace, wasunsu sun yi ta jifa ba su daidaita ba. Kuskuren nan da muke kare Baba daga gare shi, da shi ne kaɗai ƙwaƙwalwarsa za ta san yawan gyaran da za ta yi.

Maganarsa ta cewa yana gani amma hannu na zuwa gidan maƙwabci ma, ashe ba salon magana ba ne kawai. Saƙon ido yana isa bayan kai ne, daga nan ya rabu hanya biyu. Ɗaya ta gangara ta gefen kunne, ita ke gane mene ne wannan. Ɗaya ta hau ta wajen tsakar kai, ita ke jagorar hannu. An fahimci haka sosai ta dalilin wata mata 'yar Sikotland da a 1988 ta shaƙi iskar nan mai guba marar wari daga na'urar dafa ruwan wanka a Italiya. Irin iskar ce ke fita daga janareta da kaskon garwashi, kuma ina roƙon kowa, hunturu ko ba hunturu, kada a kwana da su a rufaffen ɗaki. Matar ta rayu, amma ta daina gane siffar abu. David Milner da Melvyn Goodale suka nuna mata wata tsaga kamar bakin akwatin gidan waya, ana juya ta yadda aka ga dama. In an tambaye ta ina tsagar ta karkata, ba ta iya faɗa. In aka ba ta kati aka ce ta zura, sai hannunta ya juya daidai ya zura. Akasin haka ma akwai, wani likita a Hangari mai suna Bálint ya bayyana shi tun 1909: mutum na ganin abu, amma hannunsa ba ya iya zuwa kansa. Ƙwaƙwalwar Baba lafiyarta ƙalau, alhamdu lillahi, amma waɗannan sun nuna mini cewa gane wuri aiki ne guda, isa wurin kuma wani aikin ne.

Akwai kuma abin da hannu ke koya wa ido, wanda na daɗe da sani a jikina ban san sunansa ba. Ina ɗan shekara goma na shekara guda cur a gefen Baba ina zura zare ina kallo. Na haddace kowane motsi, a ganina na iya. Ranar da ya ba ni tsumma, na gane abin da nake kallo shekara guda ban gan shi ba. Ban ga yadda yake ɗan murza allura kafin ta fito ba, ban ga yadda ƙaramin yatsa ke tsare zare ba. Sai da na yi wata ina sokewa ina warwarewa, sannan na koma kallon hannunsa na fara ganin waɗannan. A farkon shekarun 1990, a Parma ta Italiya, Giacomo Rizzolatti da abokan aikinsa suka gano wasu ƙwayoyi a sashen tsara motsi na ƙwaƙwalwar biri, da ke aiki in birin ya ɗauki abinci, suna kuma aiki in yana zaune ya ga mutum ya ɗauka. A 1996 suka kira su ƙwayoyin madubi. An zuzuta su daga baya fiye da kima, wasu suka jingina musu tausayi da harshe da wayewar ɗan'adam gaba ɗaya, ni kam ban bi su har can ba. Abin da na riƙe shi ne wani bincike na 2005 a Landan, da aka nuna wa ƙwararrun 'yan rawa iri biyu bidiyon rawarsu da ta waɗansu. Sassan motsi na ƙwaƙwalwarsu sun fi tashi in suna kallon rawar da jikinsu ya iya.

Na ga wannan da idona ranar hawan sallah a Ƙofar Fada. Baba ya ce lalle a kai shi, ya shekara huɗu rabonsa da ganin hawa. Dawaki na wucewa, kowa na kallon kwalliya da jahi, shi riguna yake bi da ido. Wani mahayi ya gifta da aska takwas, na duba ƙasa na ga babban yatsan Baba da manuni suna motsi a kan cinyarsa, suna soka suna ja, shi bai ma sani ba. Ya sunkuyo ya ce mini a kunne, "Bahago ne ya yi wannan. Dubi yadda zaren ya kwanta." Na duba iya dubawata, kyakkyawar riga kawai na gani. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma idon Baba a wajen allura ya koyi tasa kimar.

Abin ya biyo ni har aji. Ina da yara sama da saba'in a ɗaki ɗaya, kuma kusan kowannensu zai zana maka madubin likita ya sa wa kowane sashe suna ba kuskure. Wannan zangon na dage sai kowa ya sa ido a ciki ya murza da hannunsa, ko da zai ci mana darasi uku. Na ɗaye siririyar fatar albasa na ɗora. Yarinyar farko ta leƙa ta ce, "Malam, ba komai sai gashin idona." Da a da ne zan saita mata in ce leƙa. Wannan karon na ce murza, ta murza ta wuce, ta dawo ta wuce, sai a na uku na ji ta ja numfashi ta ce ga su nan a jere kamar tubalin gini. Duk wanda ya samo su da hannunsa, da na canza gilashin ya sake samowa cikin sakan kaɗan.

Baba ya karɓi sabon aiki bayan sallah, aska biyu a kan farar shadda, ya gama ta a wata biyu da 'yan kwanaki. Zare da kansa yake zurawa yanzu, jikokin har sun fara ƙorafin an raba su da aikinsu, sai ya yanka wa babban cikinsu tsumma ya ba shi allura. Likita ya sa ranar aikin idon hagu a wata mai kamawa, ya kuma gaya mana awon zai sake ɗan canzawa in idanu biyu suka haɗu. Jiya da yamma na tarar da shi ya fito da sauran alawayyon nan daga ƙarƙashin tabarma, ya yanka shi gida shida, yana ɗiga tawada da kansa. Ya miƙo mini ya ce in ba Inna ta adana masa a cikin akwati, in kuma gaya mata wannan karon ko ya zubar da shayi a bar masa kofinsa.